Sabon Aike Da Tsohuwar Waya

A cikin watan Fabrairu na 2025 labari ya fito daga Jami'ar Oksfod ta Ingila, cewa waɗansu masana sun haɗa ƙananan injunan lissafi guda biyu, irin sabon samfurin nan da ake kira na kwantum, sun sa su sun yi aiki ɗaya tare, alhali kowanne yana zaune a wurinsa. Labari kuwa, kowa ya sani, ƙiba yake yi a hanya. Kafin ya iso wayoyin hannun mutanenmu ya riga ya zama wani abu dabam. Muna cikin rangadin makarantu a ƙasar Maradun sai wani malamin kimiyya ya ja mu gefe bayan an tashi, ya ce yaran ajinsa sun tsare shi da tambaya, wai ko gaskiya ne Turawa sun gano dabarar da mutum zai ɓace a nan ya bayyana a Legas. Ya ce musu a bari sai gobe. Goben nan, in ji shi, ta kai mako uku ba ta zo ba.

Ba mu ga laifin malamin nan ba, gama ba a koya masa wannan a kwalejin horon malamai ba, mu ma ba a koya mana ba. Amma tun da yake yaro in bai sami amsa a aji ba zai je ya nema a tasha, mun ga ya kamata mu warware wa malamai da akawuna wannan magana gwargwadon abin da ya tabbata, sa'an nan mu duba ko akwai abin da ya shafe mu a ciki, mu mutanen Maradun da Bakura da Talata Mafara. A ganinmu akwai, kuma ba a inda jama'a suke zato yake ba.

MENE NE KUBIT?

Kwamfuta da wayar hannu duk abin da suke rubutawa da alama biyu suke rubuta shi, watau 0 da 1, kamar yadda ma'aikacin tangaraho na da yake buga kowace wasiƙa da gajeren bugu da dogon bugu. Kowace alama ɗaya ana ce mata bit. Bit ba shi da wani asiri: ko dai 0 ne, ko kuwa 1, kuma ana iya karanta shi a kwafe shi sau dubu ba abin da zai same shi.

To, amma in aka gangara zuwa ga halittu mafi ƙanƙanta, kamar atam ɗaya tak, ko ƙwayar haske ɗaya, sai a tarar dokarsu dabam ce. Ilmin wannan doka shi ake kira kwantum, kuma a 1925 aka kafa ginshiƙinsa. Ƙwayar da aka ajiye saƙo a cikinta bisa wannan doka ita ce kubit. A kwatanta ta da kibiya mai iya fuskantar ko'ina. In ta dubi sama 0 ke nan, in ta dubi ƙasa 1 ke nan, amma tana iya karkata ta kowace fuska a tsakaninsu, karkatar nan kuwa ita ce halinta. Abin mamaki shi ne, in ka auna ta don ka ga inda ta dosa, amsa biyu kaɗai za ta ba ka, sama ko ƙasa, sa'an nan ta tsaya a kan amsar da ta bayar, karkatar farko ta tafi ke nan har abada.

Daga nan wata doka ta biyu ta fito, wadda masana suka tabbatar da lissafi a 1982: ba shi yiwuwa a kwafi halin kubit wanda ba a san shi ba. Akawu ya saba da sa takarda uku a tafireta, ɗaya ta tafi, ɗaya ta shiga fayil, ɗaya a ba mai ita. Kubit ba ta yarda da haka. Saboda haka wanda yake so ya kai halinta wani gari ya shiga uku: in ya karanta ya ɓata, in ya ce zai kwafa ba dama, in kuwa ya ɗauki ƙwayar ya yi tafiya da ita, ɗan zafi ko ɗan girgiza ya isa ya lalata ta a hanya.

YADDA AKE AIKEN

A 1993 masana shida, cikinsu har da Charles Bennett na kamfanin IBM da Gilles Brassard na Jami'ar Montreal ta Kanada, suka nuna mafita. Mafitar ta dogara ga wani hali da ƙwayoyi biyu suke shiga in an haife su tare ko an gama su ta wata hanya, wanda za mu kira sarƙa. Ƙwayoyi biyu masu sarƙa tagwaye ne na ban mamaki. In ka auna ɗaya, amsar da za ta bayar sa'a ce kawai, kamar jefa kwabo. Amma in aka auna 'yar'uwarta ta wannan fuska, ko tana wata ƙasa, amsarta za ta dace da ta farko. Mai karatu zai ce ai wannan ba wani abu ba ne, goro ne aka ɓara biyu, tun ran da aka ɓara shi aka san ɓarin nan zai dace da wancan. Albert Einstein ma kusan haka ya zata a 1935. Sai a 1964 John Bell ya fito da hanyar gwadawa, gwaje-gwajen da aka yi ta yi tun daga 1972 kuwa suka nuna dacewar ta wuce abin da misalin goro zai iya bayyanawa. A kan wannan aiki ne aka ba Alain Aspect da John Clauser da Anton Zeilinger lambar Nobel a 2022.

Ga yadda aiken yake, bisa misali. A ce mai aikawa yana Maradun, mai karɓa yana Bakura. Tun da fari an raba musu tagwaye, ɗaya a nan, ɗaya a can. Sai aka kawo wa na Maradun wata ƙwaya ta uku mai ɗauke da halin da ake so a aika. Ba zai karanta ta ba. Zai gama ta da tagwayen da ke hannunsa ya yi musu awo ɗaya tare, awon da ba ya faɗin halin kowaccensu, sai dai yadda suke da juna. Amsar awon nan ɗaya ce cikin huɗu. Sai ya buga wa na Bakura waya, irin wayar da kowa ya sani, ya gaya masa wace ce ta fito cikin huɗun, watau bit biyu ke nan. Na Bakura yana da gyara iri huɗu, kowace amsa da nata: ko ya bar ƙwayarsa yadda take, ko ya juya ta ta ɗaya daga cikin hanyoyi uku. Da ya yi gyaran, ƙwayarsa ta ɗauki halin nan daidai wa daida. Ta Maradun kuwa tana nan inda take, amma halin ya bar ta.

Akawun da ya taɓa aika kuɗi ta waya ya riga ya gane rabin maganar. Takardun kuɗin da ka miƙa a Maradun ba su ne suke tashi su tafi Gusau ba. Akwai waɗansu a can tun da fari, saƙo ne yake tafiya, a zare daga lissafinka a zuba a na wancan. Haka nan a wannan aike ba jikin da yake motsawa. Inda misalin ya gaza shi ne, mai aika kuɗi ya san nawa ya aika, a nan kuwa mai aikawa bai san abin da ya aika ba, wanda ya saci jin wayar kuma ba abin da zai ƙaru da shi, don amsar nan ɗaya cikin huɗu sa'a ce ta fid da ita. Kuma a lura da wannan ƙwarai, don a kansa maganarmu za ta tsaya: muddin wayar nan ba ta iso Bakura ba, ƙwayar da ke can ba ta da wani amfani, in an auna ta shirme za ta bayar. Don haka aiken ba ya riga haske gudu, haske kuwa yana cin kimanin kilomita 300,000 a daƙiƙa.

ƘWAYA ƊAYA DA ƘWAYOYI DA YAWA

An fara gwada wannan a 1997 a Innsbruck ta ƙasar Ostiriya, a ƙarƙashin Zeilinger, da kuma a birnin Rum a daidai wannan lokaci, duka da ƙwayoyin haske. Amma kubit ɗaya ba ta yin lissafin kirki. Ƙarfin injin kwantum yana fitowa ne in kubit da yawa suna ma'amala da juna har suka sarƙe. Halin kubit biyu sai da lamba 4 ake bayyana shi, na 10 sai da 1,024, na 20 sai da 1,048,576, kowace ƙwaya aka ƙara sai lissafin ya ninka. In aka kai 300, lambobin sun fi yawan atam ɗin da ke cikin duk sararin da ɗan'adam yake iya hangowa. Galibin wannan ilmi kuwa ba a cikin ɗaiɗaikun ƙwayoyin yake ba, yana cikin dangantakar da ke tsakaninsu.

Mutanen ƙasarmu ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan wannan. Sa'ad da aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a 1978, ruwa ya ci gonaki da gidaje, aka ta da jama'a aka sake musu matsuguni. Dattawan da suka ga wannan zamani sun san cewa ƙidaya kawuna a loda su a mota abu ne mai sauƙi. Abin da yake da wuyar kaiwa sabon wuri shi ne wane ne maƙwabcin wane, wa yake aron galmar wa, gonar wa take iyaka da ta wa. Ana iya kai mutum dubu lafiya ƙalau, garin kuwa bai isa ba. To, wannan ita ce matsalar masu aika kubit da yawa: su kai ƙwayoyin da zumuncinsu gaba ɗaya.

A lissafi an san amsar. Kowace kubit a tanadar mata tagwayenta da bit biyu nata. Kubit 10, tagwaye 10, bit 20. Ko da mai aikawa ya bi su ɗaya bayan ɗaya, in aka gama sai a tarar sarƙar da ke tsakaninsu ta haye can cikakkiya. Har ma in ƙwayar da aka aika tana da sarƙa da wata wadda aka bari a gida, sarƙar ba ta yankewa, sai ta miƙe ta haɗa wurin nan biyu.

A aikace kuwa, nan gizo yake saƙa. Na farko, kuskure yana haihuwa. In kowane aike yana fita daidai sau 90 cikin 100, to, aika guda 10 duka su fita daidai bai wuce sau 35 cikin 100 ba. Ko da an kai 99 cikin 100, in ƙwayoyin sun kai 100 nasarar takan sauko zuwa kimanin 37. Malamin lissafi yana iya tabbatar da wannan a allo. Na biyu, awon nan na tare, in da madubai da gilasai kaɗai aka yi wa ƙwayoyin haske shi, rabin lokaci ne yake cin nasara, saboda haka guda 10 a jere sau ɗaya ke nan cikin 1,024. Na uku, ƙwayoyin da suka riga suka isa dole su jira 'yan'uwansu da saƙon waya, alhali kuwa halin kubit ba ya jimre jira, kamar ƙanƙara ce a kasuwar bazara.

INDA AKA KAI

Ta fuskar nisa an yi tafiya mai yawa. A 2012 an aika halin ƙwayar haske kilomita 143 ta cikin iska, tsakanin tsibiran La Palma da Tenerife da ke yamma da gaɓar Maroko. A 2017 masanan ƙasar Sin suka aika daga Ngari a tsaunukan Tibet zuwa tauraron ɗan'adam mai suna Micius, nisan da ya kai har kilomita 1,400. A 2022 a Delft ta ƙasar Holan aka jera tasha uku, kowacce da kubit a cikin ɗan lu'ulu'u, aka aika daga ta farko zuwa ta uku alhali ba igiyar da ta haɗa su kai tsaye. Amma duk waɗannan kubit ɗaya ɗaya ake aikawa.

Ta fuskar yawa kuwa tafiyar hawainiya ake yi. A 2006 ƙungiyar Pan Jianwei, masanin ƙasar Sin, ta aika halin kubit biyu a haɗe, sai da ta yi aiki da ƙwayoyin haske shida. A 2015 suka aika siffa biyu ta ƙwayar haske ɗaya a lokaci guda. A 2024 kamfanin Quantinuum a Amurka ya ɗauki saƙon kubit ɗaya wanda aka shimfiɗa a kan atam bakwai masu sarƙa, don in ɗaya ta yi kuskure sauran su tona, ya aika shi daga rukuni zuwa rukuni a cikin inji ɗaya.

Wannan ya kawo mu ga labarin Oksfod. Injunan nan biyu tazarar da ke tsakaninsu kimanin mita 2 ce, igiyar gilas mai ɗaukar haske ta haɗa su. Abin da suka aika shi ne ma'amalar kanta, watau suka sa kubit da ke wannan inji ta yi aiki a kan wadda ke wancan kamar suna gefen juna, ingancin aikin ya kai 86 cikin 100. Sa'an nan suka ba injunan wani ɗan lissafi na neman abu ɗaya cikin huɗu, suka ci sau 71 cikin 100. Mai karatu zai yi dariya, ya ce duk wannan surutu a kan taku uku? Kada ya yi gaggawa. Gina inji ɗaya mai kubit dubbai a wuri guda abu ne mai wuyar gaske, amma in ana iya ɗinke ƙanana da yawa su zama ɗaya, to, an sami wata hanya. Da ɗan kaɗan kaɗan gulbi yake cika.

Sai dai a faɗi gaskiya: tsakanin wannan da ɓacewar mutum ba ko dangantaka. Ba a taɓa aika ko ƙwayar gero ba, ba kuma abin da ake nema ke nan ba. Abin da ake nema shi ne a haɗa injuna, a kuma tsare asirin saƙo.

TSOHUWAR WAYA

Yanzu mu komo gida. Mun ce wannan aike ba ya kammala sai an yi waya irin ta kullum, tagwayen kuma sai an raba su ta igiyar gilas ko ta tauraro. Igiyar gilas tana shanye haske: a kowane kilomita 15 kimanin rabin ƙwayoyin suke ɓacewa. Tsakanin Gusau da Sakkwato, hanyar da ta ratsa Talata Mafara, ya ɗara kilomita 200, a wannan nisa kuwa kimanin ƙwaya ɗaya ce cikin 10,000 za ta kai. Saƙon yau da kullum ana ƙara masa ƙarfi a hanya, amma kubit ba a iya yi mata haka tun da ba ta kwafuwa, sai dai a kafa zango-zango ana miƙa sarƙa daga wannan zuwa wancan, kowane zango kuwa yana bukatar lantarki da ma'aikaci masani. A watan Disamba na 2024 masanan Jami'ar Northwestern ta Amurka suka nuna ana iya yin wannan aike a cikin igiya mai tsawon kilomita 30 wadda take ɗauke da saƙonnin intanet a lokaci guda. Ma'anar wannan a fili take: sabon abin a kan tsohuwar hanya zai hau. Garin da igiya ba ta kai ba, shi ma ba zai kai ba.

Mu kuwa jiki magayi. A ranar 1 ga Satumba 2021 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai 73 daga makarantar sakandaren jeka-ka-dawo ta Kaya a ƙaramar hukumar Maradun, wata shida bayan 'yan mata 279 na Jangebe. Aka rufe makarantun jihar Zamfara. A cikin makon nan kuma aka katse layukan wayar hannu a jihar baki ɗaya bisa roƙon Gwamnati, don a raba ɓarayin daji da masu kai musu rahoto. An maido wa Gusau a farkon Oktoba, sauran wurare kuwa sai wajen ƙarshen Nuwamba. Ba mu zo nan don mu yanke hukunci a kan wannan mataki ba, wanda ke ɗauke da nauyin rayukan jama'a shi ya san abin da ya gani. Amma kowa ya tuna yadda aka sha. Masu cirar kuɗi suka rufe, ɗan da ke Legas ya kasa aiko wa uwarsa na cefane, mutane suka riƙa shiga mota zuwa wata jiha don su buga waya ɗaya. A watannin nan, da a ce an ajiye mana injin Oksfod a tsakiyar Maradun, da bai fi turmi amfani ba, gama makaranta da waya, abu biyun da yake tsaye a kansu, duka a rufe suke.

ABIN DA KE CIKIN HAƊARI

Wani zai ce, to, mu bar masu abin da abinsu. Ba zai yiwu ba, ga dalili. Albashin malami da na akawu yanzu ta banki yake zuwa, ta waya ake ganinsa. Abin da yake tsare shi daga ɓarawo kulle ne na lissafi, ɗaya daga cikin manyan makullan nan kuwa ya dogara ga cewa ninka lamba biyu abu ne mai sauƙi, amma warware su baya yana da wuya. Kowane yaro zai gaya maka 17 sau 23 ya ba da 391. Ba shi 391 ka ce ya nemo iyayenta, sai ya yi gumi. In lambar ta kai ɗaruruwan gurabe, kwamfutocin duniya duka ba su iya warware ta a zamanin mutum. A 1994 Peter Shor ya nuna cewa injin kwantum babba zai iya. Har zuwa ƙarshen 2025 ba wanda ya nuna injin da ya kai wannan girma, amma ɗinke ƙananan injuna irin na Oksfod yana cikin hanyoyin da ake bi a kai gare shi. Kuma mai haƙuri yana iya tara saƙonnin mutane yau a kulle, ya jira ranar da mabuɗi zai samu.

Manyan ƙasashe ba su tsaya jira ba. A watan Agusta na 2024 hukumar ma'auni ta Amurka ta fid da sababbin makullai uku waɗanda ake ganin injin kwantum ba zai karya ba, kuma a kan kwamfuta ta kullum suke aiki. A Afirka ma an motsa. Ghana ce ta gabatar da ƙudurin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da shi a watan Yuni na 2024, wanda ya sa 2025 ta zama shekarar ilmin kwantum ta duniya. A 2024 kuma Jami'ar Stellenbosch ta Afirka ta Kudu ta yi musayar mabuɗin asiri na kwantum da ƙasar Sin ta hanyar wani ƙaramin tauraro, nisan kilomita 12,900. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Wata rana za a sauya makullan bankunanmu da na ofisoshinmu, sai dai ko 'ya'yanmu suna cikin masu sauyawa, ko kuwa suna bakin ƙofa suna jiran a gaya musu.

Bakolori ta koya mana wannan karatu. Kamfanin ƙasar Italiya ne ya gina ta, da injiniyoyi daga nesa, manoman da aka yi dominsu kuwa ba su da mai duba musu taswira da takardun awo daga cikinsu. Rigimar diyya ta kai ga asarar rayuka a watan Afrilu na 1980. Abin da aka kawo wa mutum bai san kansa ba, ko alheri ne, yakan zo masa da ciwo.

SHAWARARMU

Ba mu ce Gwamnati ta gina ɗakin binciken kwantum a Maradun ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Roƙonmu ya fi wannan kusa. Gwamnatin Tarayya ta bayyana a 2024 shirin shimfiɗa igiyar gilas mai tsawon kilomita 90,000 a faɗin ƙasa. Ya kamata shugabannin ƙananan hukumominmu uku da sarakunanmu su sa ido, su tabbata igiyar ba ta bi titin Sakkwato ta wuce mu ba, a ja reshenta zuwa Maradun da Bakura, a fara da makarantu da asibitoci. Gwamnatin jiha kuma, tun da ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilmi a 2023, muna fata za ta sa horon malaman lissafi da na kimiyya a gaba, ta yi amfani da Kwalejin Ilmi ta Maru, da Kwalejin Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara, da Jami'ar Tarayya ta Gusau, a riƙa tara malamai lokacin hutu ana sabunta musu karatu. Gaba da kome kuwa, a tsare makaranta yadda uba zai saki 'yarsa ta tafi da safe hankalinsa a kwance.

Ku kuma akawuna, ku riƙe cewa har yau ba injin kwantum ne yake sace kuɗin mutane ba, sakaci ne. Wanda ya rubuta lambar sirrinsa a bayan kalanda, ko ya karanta wa baƙo ita a waya, ba kullen da zai cece shi. In kuwa wani ya zo muku da maganar zuba kuɗi a wata harka wai ta kwantum mai ninka riba, ku sani damfara ce ta sake riga.

Ku malamai, aikinku ya fi na kowa, kuma ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Ku sa yara su ninka ƙwayar gero, ɗaya, biyu, huɗu, takwas, su ga inda za su kai a ninki na 20. Ku sa su jefa kwabo sau 100 su rubuta abin da ya fito, don ilmin sa'a shi ne ƙofar wannan fage. In kun sami tabarau irin mai kashe ƙyallin rana, ku ciro gilasansa biyu ku ɗora ɗaya a kan ɗaya, ku juya ɗaya a hankali har haske ya ɗauke. Sa'an nan ku zura na uku a tsakaninsu a karkace, za ku ga haske ya komo. Yaron da ya ga wannan da idonsa ya taɓa bakin abin da masanan Oksfod suke aiki da shi, gama karkatar haske tana cikin abubuwan da ake yin kubit da su. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Malamin nan da ya ja mu gefe kuwa, ga amsar da zai kai wa ajinsa. Ba mutumin da zai ɓace. Hali ne ake aikawa daga ƙwaya zuwa ƙwaya, an iya da ɗaya a nisa mai yawa, ana fama da biyu da uku a nisa kaɗan, kuma ko wanne sai an buga waya kafin ya cika. In wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, to, Malam, yaya za a yi a aika ɗari ba kuskure, sai ya gaya masa gaskiya, cewa duniya duka ba ta gama gano wannan ba tukuna, ya buɗe littafin lissafinsa. Allah Ya ba mu zaman lafiyar da za a yi karatun a cikinsa, amin.